Garin da Babu Hanyar Rijiya

Laraba, bayan Isha'i

Bappa ya iso daga Kwadon, gobe za a yi masa aikin ido. Muna gama cin tuwo na kasa haƙuri, na nuna masa hotunan duniyar wata da na yi sati uku ina zuƙowa a waya. Ni dai na rantse akwai katanga mai kusurwa huɗu a ciki. A ofis dariya suke yi mini.

Shi bai yi dariya ba. Ya kai wayar dab da idonsa mai lafiyar, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "To Usmanu, ina hanyar rijiyarsu? Ina jujinsu? Lokacin da nake kiwo, ko kufai na tarar a daji, tsohuwar hanya da tudun toka ke gaya mini mutane sun zauna."

Na sake bin hotunan ɗaya bayan ɗaya. Babu hanya, ko siririya. Ni mai digiri ina ta neman bango, tsoho mai ido ɗaya ya nemi mutane.

Allah ya sa aikin gobe ya yi kyau. Ina so ya duba mini sauran da ido biyu.