Manomin da Inna Ta Ji a Rediyo

Yaya Abdulkabir,

Gaisuwa daga Legas. Ya ƙafar Inna, ya Tahira da yara? Ni lafiya lau, ina ci ina sha.

Inna ba ta yi kuskure ba, muryata ta ji a rediyo. Aikin ofis ɗin ke nan: mu shida muke buga waya da sunan manoma, muna yabon irin geron wani kamfani. Jiya ni ne Malam Yahya na Tsanyawa. Ko a gona ban taɓa ganin geron ba. Na so in bari, oga ya riƙe takardun makarantata.

Ka ce za ku shuka shi bana tunda mutanenmu sun yaba. Yaya, babu wasu mutanenmu, ni ne. Ku shuka namu na rumbu.

Inna ta sa ni a addu'a.

Ƙaninka,
Sama'ilu