Angulu Ta Auna Ni

Kande,

Kina rijiya jar saniya ta haihu, maraƙi. Ita kaɗai fari ya bar muna, ga shi sun zama biyu. Kafin ta gama lashe shi angulaye sun cika gawon bayan gida, idanunshi suke so. Na kishingiɗa kusa ina tsaro, barci ya sace ni. Ina farkawa ga wata tsaye bisa kaina, ta bar maraƙin, wai ni na fi kama da gawa.

Za ni garin Isa neman dusa. Ki zauna wurin maraƙin da taɓarya, kuma don Allah ki riƙa motsi. Ni da nake ƙashi da fata sai da angulu ta yi shawara. Ke mai sauran tsoka, ba ta tsayawa shawara.

Gwadabe