Sawun Innarka da Zanen Dahome

Bagudo, 9 ga Oktoba, 1960

Zuwa ga ɗana Bunyaminu, a Kaduna.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kamar yadda muke nan, Allah shi ƙara maka lafiya, shi tsare ka da sharrin birni. Shinkafa ta yi kyau bana, ruwa bai ci gonarmu ba. Ƙanwarka Rahmatu ta yaye ɗanta. Kowa lafiya lau, in ka cire ubanka, wanda ya jawo ma kansa abin da za a yi ta ba jikoki labari.

Takardarka ta iso, tare da hoton nan da ka yanko na sabbin kayan da sunka sauka kantinku. Na karanta ma innarka sau uku, wurin da Turanci ya fi ƙarfina na cika da nawa. Kun ce akwai riguna masu sunan wanda ya ɗinka su a wuya, da jakunkuna masu baki kamar na kada, da takalma jere cikin gilashi, fitila na haska su da rana tsaka. Ta daɗe tana kallon wasu takalma masu ruwan zinari a gefen hoton. Sannan ta sa takardar ƙarƙashin tasa. Ni kuwa sai girman kai ya taso mini, na ce abin da Kaduna ta iya, Dahome ma ta iya, ga ta nan bayan gida.

Na auna ƙafarta da zare, na bi su Hamma mai goro zuwa Kandi ta Dahome, inda anka ce wani babban kanti ya buɗe sabbin diloli. Kafin Segbana mazagin wandona ya tsinke. Ka san mutum ba shi shiga ƙasar da Faransa ta mulka riƙe da wando, sai na ɗaure da zaren awon. Da munka isa, ga takalma har rufi, ga awo a ƙuguna, ba halin kwancewa gaban matar da ke tsaron kanti. Don kada in dawo hannu sake, na sawo wata atamfa mai sheƙi da 1960 a jiki, da wata doguwar kalma wadda na gane ta mulkin kai ce. Na lura sun sa A inda malaminmu na elementare ke sa E, na ce ma Hamma Faransawa ba su iya rubutu ba.

Ran ɗaya ga wata, ranar bikin mulkin kai, innarka ta ɗaura zanen, ta fita filin makaranta tana tafiya kamar ba ta taka ƙasa. Bunyaminu, na rantse shekara ashirin sunka zube daga fuskarta. Sai da anka ɗaga tuta, kore da fari da kore, kowa ya waiwayo ya ga zanenta kore da rawaya da ja. Matar hedimasta ta tambaye ta ko baƙuwa ce daga Dahome, ta ce ai nasu bikin an yi shi tun watan Agusta. Yanzu har masu tallan fura Madam Dahome suke ce mata. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Ta ninke zanen, ta ce ita ba zane ta taɓa roƙona ba.

Ga abin da ba ka sani ba. Shekarar da munka yi aure, ina raka ta ganin gida, na tashi tsaye cikin jirgi tsakiyar kogin Kwara ina kwaikwayon rawar wani maroƙi don ta yi dariya. Ta yi dariyar, jirgi ya karkata, takalmin aurenta ɗaya ya faɗa ruwa. Na ce kada ta damu, kasuwa mai zuwa zan sawo mata waɗanda sunka fi su. Kasuwa ta ci sau nawa tun daga ranar, kai da ka yi makaranta ka lissafa. Ɗayan yana nan cikin kwallarta. Wani lokaci in na zauna bakin ruwa da la'asar sai in ga kamar ɗan'uwansa na can yana tafiya, ya wuce Yawuri, ya wuce Jebba, ya shiga teku, Turawa sun tsince shi sun yi ta kwaikwayo, har jikokinsa sunka dawo cikin gilashin kantinku.

Juya takardar nan. Zanen da ka gani a baya sawunta ne. Na jira ta taka laka bakin randa, na aza takarda na bi da fensir, shi ne dalilin dattin. Ka zaɓo masu ruwan zinarin nan, ƙafa biyu, ka duba da kyau kada a ce na wata ƙasa ne. Ka ba Ma'azu direba, ya miƙo hannuna, ba nata ba. Shinkafar bana ta isa biyan kuɗinsu. Kai dai naka zaɓe ne, miƙawar tawa ce, kuma da durƙuso zan yi ta.

Rahmatu da mijinta Hassan suna gaishe ka, da baffanka Kanta, da 'Yar Baba. Innarka ta ce ka riƙa cin abinci. Ba ta san da wannan magana ba, kada ka tona ni, don in ta ji na sake yin alkawari, dariya za ta yi, kuma ka ga inda dariyarta ta kai mu.

Ni ne ubanka, jakadan Dahome a Bagudo,
Namadi Ɗanaudu