Tara da Ɗan Velvel

Litinin, 10 ga Janairu, 1994

Kai da ka buɗe wannan littafi ba da izinina ba, ka iya lissafi? Tara da ɗaya nawa ke nan? In ka ce goma, to ba ka taɓa shiga majami'armu ta Yahudawa da sassafe ba.

Yau ma haka aka yi. Na ajiye motar burodi a bakin titi, na kakkaɓe ƙanƙara daga takalmi, na shiga. Tsofaffi tara, kowa ya naɗe igiyar addu'a a hannu ya yafa mayafi, sai tari suke kamar ɗakin asibiti. Reb Fishel, mai kula da tsarin majami'a, ya miƙe ya duba ko an cika, tunda ba a karanta wa mamaci addu'ar Kaddish sai maza sun kai goma. Ba ya ƙirga mutum kai tsaye, wai kada baki ya kama. Da haɓa yake nuni: ba ɗaya ba, ba biyu ba, ba uku ba. Ya kai ba tara ba. Idonsa ya zo kaina, ya tsallake ni kamar kwata, ya sauka a ƙofa.

"Mu ɗan jira," in ji shi. "Ƙila wani ya shigo."

Ina zaune a kujerar marigayi Baba, da mayafin Baba, wanda har yanzu yake warin tabarsa. Ba wanda ya shigo. Aka watse ba Kaddish.

Laraba, 12 ga Janairu

Bari in rubuta dalilin, ko zai daina ci mini rai.

Mama 'yar manoma ce, 'yan asalin Yukiren, can bayan Winnipeg. Kafin aurenta da Baba ta karɓi addinin Yahudanci a hannun wani rabbi, malamin masu sassauci. Ta yi karatu, ta yi wankan, aka raɗa mata suna Rut. A wurin su Reb Fishel wannan wanka bai wanku ba. Ɗa kuma uwa yake bi. Shi ke nan, ni Sender ɗan Velvel ba kowa ba ne.

Abin da ya fi ƙona ni, ba wanda ya taɓa faɗa mini. Da na cika sha uku, Baba ya kai bikin balagata wata majami'a a kudancin gari, ya ce wai can ta fi fili. Sai yanzu na gane wane irin fili.

Lahadi, 16 ga Janairu

Jiya Asabar an cika har da rara, na karanta Kaddish. Amin ɗinsu ƙasa-ƙasa, kamar masu biyan tara. Mendel ne kawai, tsohon mahaucin nan mai yatsu kamar rogo, ya ɗaga murya har tagogi suka amsa.

Wurin cin abinci bayan addu'a ya jawo ni da hannun riga. "Zo nan, ɗan Velvel, ci kifi. Kifi ba ya tambayar wace ce uwar mutum." Aka yi dariya. Ni ban yi ba. A tsakiyar tebur ga kugel, wainar dankalin da Mama ta gasa, kamar kowane mako tun kafin a haife ni. Matar Reb Fishel, Gittel, ita ta koya mata. Na tsaya ina kallo suna wawason ɓawon. Hannunta ya isa ya ciyar da su, cikinta ne bai isa ya haifa musu na goma ba.

Alhamis, 27 ga Janairu

Makaranta na bar ta tun ina sha shida, amma ba wanda ya koya mini baƙaƙen Ibraniyanci sai ni da littafin Baba, da yatsa, a cikin mota, ina jiran a loda burodi. Mako biyu ke nan ina ɗakin karatu na gari bayan aiki, ina tonon abin da malaman da suka faɗa. Kowace magana da mai ja da ita. Wannan ya ce i, wancan ya ce a'a, na uku ya ce duk sun yi gaskiya.

Na tare Reb Fishel a matakala na zazzage masa duk abin da na haddace. Ya bar ni har na gaji. Sannan ya gyara mini wuyan riga, kamar wani ƙaramin yaro, ya ce ba shi ya rubuta dokar ba, shi mai gadi ne kawai. Wai shi da Baba tebur ɗaya suka yanka fatu a masana'anta, rabin burodi suke rabawa.

Na ce, "To, Reb Fishel, ku raba mini rabin lamba mana."

Sai ya ce in gaida Mama.

Talata, 1 ga Fabrairu

Wannan kam ba zan manta ba har in mutu.

Tara ne kuma, da ni. Sanyi ya hana sauran fitowa. Mendel ya yi ta ƙus-ƙus da Reb Fishel, daga nan Reb Fishel ya ce a garinsu na can tsohuwar ƙasa, in an matsu ƙwarai, akan buɗe ma'ajiyar Attaura a ɗauke ta a matsayin cikon goma. Ya je ya ja labule, ya buɗe ƙofofin. Kowa ya miƙe. Ya juyo gare ni fuska a sake, wai ya yi mini alheri. "Karanta wa mahaifinka, yaro."

Kabad. Katako da ƙusa. Sun ƙirga kabad, ni mai numfashi ina tsaye.

Na san abin da ke ciki, ba sai an gaya mini ba, kuma na san darajarsa. Amma na naɗe mayafin Baba na fita. Na ji Mendel yana kira na har bakin ƙofa. Yau ba su suka hana Baba Kaddish ba, ni ne. Na sani. Kada wani ya tuna mini.

Juma'a, 11 ga Fabrairu

Sun turo mini rabbi. Ba mu da namu, sai suka aro Rabbi Halpern daga babbar majami'a, matashi mai laushin hannu. Ya same ni a gidan burodi, yana ta kaucewa buhunan fulawa don kada kwat ɗinsa ta ɓaci. Ya ce abin ba wuya: tunda na tashi a ciki, ɗan karatu kaɗan, ɗigon jini a madadin sabuwar kaciya, in nitse a ruwan mikve, wurin wankan shiga addini, a gaban shaidu uku, an gama. Wai gyara ne kawai.

Na tambaye shi me ya lalace da za a gyara. Ya yi ta kallon takalminsa.

Da yamma na faɗa wa Mama tana shirin kunna kyandir na daren Asabar. Ta kunna, ta rufe ido da tafin hannu, ta yi addu'arta ba gaggawa. Sannan ta ce, "Ni na san ruwan da na shiga, Sender. Ka shiga naka in kana so, ba zai rage ni da komai ba. Ubanka dai yana can yana jira."

Ƙarya take yi. Zai rage ta. Ranar da na shiga ruwan nan, na sa hannu cewa ita baƙuwa ce a gidanta.

Litinin, 14 ga Fabrairu

Ban je ba.

Talata, 22 ga Fabrairu

Ban je ba. Maimakon majami'a, na karanta Kaddish ni kaɗai a cikin mota, a bayan wani kanti. In na kai inda jama'a ke amsawa sai in ji shiru, sai ƙarar inji. Ban ƙarasa ba.

Litinin, 7 ga Maris

Gittel ta rasu jiya, an binne ta yau. Mama ta yi kuka irin wanda ban ga ta yi ba ko ranar Baba. Ita ta dafa ƙwan da ake ba mai makoki in ya dawo daga maƙabarta. Ta ce in kai ta. Na ce mota kawai zan tuƙa.

Na leƙa dai. Reb Fishel na zaune a 'yar kujera kusa da ƙasa, riga a yage, an rufe madubai da zane. Mama ta ɓare ƙwan ta miƙa masa. Ya karɓa daga hannunta ya ci. Ya ce mata, "Rut, ta tafi ta bar mu." Rut ya ce. Da kunnena na ji.

Alhamis, 10 ga Maris

Kwanakin makoki a gidan mamaci ake addu'a. Mendel ya buga mini waya wai ba shi da mai kai shi, ƙanƙara ta rufe hanya. Na san dabara ce. Na je.

A falo aka taru. Wani ya ƙirga da haɓa. Tara, har da Reb Fishel. A gida kuwa babu ma'ajiyar Attaura da za a buɗe. Ba kabad. Sai ni, jingine da bango, hannu a aljihu. Wallahi na ji daɗi. Na ce a raina, yau ga ranar, bari mu ga mai gadi in gidansa ne ke ci da wuta. Ba su da ɗa namiji, 'yarsu ɗaya ce, in bai karanta wa Gittel ba, ba mai karantawa.

Mendel ya durƙusa gabansa, da ƙyar, gwiwoyi na ƙara. "Fishel, don girman Allah. Ga ɗan Velvel nan. Gittel ce fa."

Reb Fishel ya ɗago ya dube ni. Wannan karon bai tsallake ba. Ya daɗe yana kallona, hawaye na bin gemunsa. Sannan ya girgiza kai. Ya rufe littafin a cinyarsa.

Na so ya ƙirga ni don in yi masa dariya, in ce ashe dokar tana lanƙwasa in ta zo kanku. Bai ba ni wannan ba. Wuƙar da ya yanke ni da ita, ita ya sa wa kansa, bai ko rage kaifi ba. Tsohon banza mai taurin kai.

Ban san lokacin da na fita ba. Layi biyu daga nan akwai asibitin haƙori na Dokta Sirlin, wanda bai taka majami'a ba tun bikin aurensa, mai cin naman alade a bainar jama'a ranar babban azumi. Amma uwarsa Bayahudiya ce tun haihuwa, ka ga, tata uwar ma. Na same shi yana wanke hannu. Ya ce yana da mara lafiya a kujera. Na ce masa haƙori zai jira, in bai sa kwat ba zan ɗauke shi kamar buhun fulawa. Ya zo yana gunaguni, ya riƙe littafin a kife har sai da Mendel ya juya masa.

Aka ƙirga da haɓa har zuwa ba goma ba. An cika. Reb Fishel ya miƙe ya karanta wa matarsa. Ya kai tsakiya ya tsaya, ya yafito ni da hannu. Muka ƙarasa tare, shi don Gittel, ni don Baba.

Ba na son in yi magana a kan wannan.

Talata, 15 ga Maris

Ba wani abu ba ne, hanyata ce. Ina ɗaukar Mendel, da 'yan'uwan nan biyu masu kurumta, da wani tsoho da 'ya'yansa suka ajiye a gidan tsofaffi suka manta. Suna zaune a baya kan akwatunan burodi, suna faɗa a kan wanda ya fi shan wahala a duniya. Mendel na satar burodin albasa, yana cewa zakka ce. Tun da na fara, ba a rasa goma ba ko sau ɗaya. Ni nake kawo goman, ni ne ba na ciki. Kamar jakin da ke kai amarya.

Don Baba nake yi. Kada wani ya ɗauka wani abu.

Juma'a, 18 ga Maris

Injin ɗumama majami'a ya sake mutuwa, na sauka ƙasa na gyara, don in aka bar shi tsofaffinmu za su daskare. Da na hau, na tarar an ajiye mini shayi a kujerar Baba, da sukari biyu a gefe, yadda Baba yake sha. Ban tambayi wanda ya ajiye ba. Mutum ɗaya ne ya san haka, wanda suka raba burodi da Baba.

A mota na tambayi Mendel ko ruwan mikve ɗin nan da ɗumi. Tambaya ce kawai. Ya buɗe baki zai yi ba'a, sai ya fasa, ya ce yana da ɗumi.

Ban ce zan shiga ba. In ma zan shiga, ba zan shiga a ɓoye kamar mai wanke laifi ba, kuma ba kafin a biya Mama abin da ya kamata ba. Gobe bayan addu'a, in an zauna cin abinci, kowa ya cika baki da kugel, zan buga kofi a tebur. Mama za ta zo, na roƙe ta. Ba dokar nake so a canza mini ba, na ga abin da ta ci wa mai gadinta. Magana ɗaya nake nema.

Reb Fishel, kun kira ta Rut a ɗakinku, kuna zaune a ƙasa, ba mai ji sai ni. Gobe ku miƙe tsaye. Matar nan da ta ciyar da majami'armu tun kafin in zo duniya, wadda kuka ci ƙwan makoki daga hannunta, mece ce ita a wurinmu? Ku faɗa da ƙarfi, a gaban kowa, yadda har kuramen nan biyu za su ji.