Ƙwaryar Inna a Tambarin Bishop

Litinin, 6 ga Oktoba, 2025

An naɗa Fada Barnabas Tanko bishop a wata jiha can kudu da mu. Ya kira ni da azahar. Ban san shi ba. Ya ce mahaifinsa malamin asibiti ne a Katagum lokacin da aka haife ni, kuma marigayiya Innata ta shayar da shi da mahaifiyarsa ta kwanta ciwo. Yana so in je bikin keɓe shi, in zauna a layin dangi. Na ce zan duba.

Shekaruna a aikin jarida sun koya mini abu guda: Musulmi mai babbar riga a layin gaba na coci hoto ne mai amfani. Ga wa?

Talata, 7 ga Oktoba

Ya turo hoton tambarinsa ta waya. Koriyar malafa a sama, tuntaye shida-shida na saukowa dama da hagu. Na bincika, wannan duk bishop yana da shi, ba zaɓinsa ba ne. Gicciyen da ke bayan garkuwar ma haka. Abin da ke cikin garkuwar shi ne nasa: layuka shuɗaye masu lanƙwasa, wai kogin Katagum, da farar ƙwarya rufe da faifai. A ƙasa akwai take da Latin. Ya fassara mini: "An ciyar da ni, zan ciyar."

Kogin garinmu a ƙarƙashin gicciye. Ban ji daɗinsa ba. Tunawa ce, ko kafa tuta?

Alhamis, 9 ga Oktoba

Na nuna wa matata Radiyya. Ta ƙara girman hoton da yatsu, ta ce, "Maigida, wannan ai irin faifan Inna ne, mai jan baki." Na ce rabin matan Katagum irinsa suke saƙawa. Ta ce, "To. Kai ko gaisuwa aka yi maka sai ka nemi majiya ta biyu."

Na karɓi wayata. Gaskiya ce, kuma ban ga laifinta ba.

Asabar, 11 ga Oktoba

Na je Katagum wurin Bappa, ƙanen mahaifina. Na same shi yana gyaran komar kamun kifi a zaure. Ban ambaci bishop ba, don kada in saka masa magana a baki. Na tambaya kawai ko Inna ta taɓa shayar da ɗan wani.

"Ɗan malamin allura? Barnaba mai kuka! Ai kai ya ƙwace wa nono, ka rame kamar kara." Ya yi dariya har da tari.

Sai na gaya masa sauran. Ya ajiye komar. Ya ce, "Abdulrahim, idan ya sha kafin ya cika shekara biyu, ɗan'uwanka ne. Ba ruwan nono da malafarsa. 'Ya'yanka mata ma muharramansa ne." Na ce idan ya wuce biyu fa? Ya ce to sai ya zama baƙon da aka yi wa alheri. Shekarun ne bai riƙe ba. Yana tuna yaron na rarrafe, yana kuma tuna shi da gudu.

Na tambayi kogin. Ya ce a kwalekwale aka haye da jinjirin, da damina, daga inda uwar take jinya. "In ba kogi ba me kake so ya zana, mota?"

Lahadi, 12 ga Oktoba

Bishop ya sake kira. Ban ɗauka ba.

Laraba, 15 ga Oktoba

Na kira shi da kaina. Na tambaya kai tsaye ko za a gayyaci 'yan jarida. Ya ce za su zo, ba shi da ikon hana su, amma in na fi so in zauna a baya, ko in zo gida bayan an watse. Ya tambayi inda kabarin Inna yake. Wannan ban shirya masa ba.

Na ba da farar rigata a kai wa masu bugu. Dama ta daɗe tana bukata.

Bappa ya ce ungozomar da ta karɓi haihuwarmu, Ya Gana, tana nan da rai a Sakwa. Kawu, ƙanen Inna, zai je jibi ya tambaye ta ko yaron ya cika biyu. Ba a tabbatar ba tukuna.