Abin da Muka Gani a Dutsen Azbin

Zuwa ga Maiturare, sanyin randa a tsakiyar bazara, inuwar tsamiyar ƙofar gidana, ruwan farko mai tada ƙamshin ƙasa, abokiyar tsufana! Ina yi miki sallama irin ta mutumin da gidansa ya yi masa faɗi.

Mati mai shago ke riƙe da biro, ni ke faɗa, kin san ban zauna aji ba. Na gargaɗe shi kada ya gyara mini magana. Rahama 'yarmu za ta karanta miki, ita ma kada ta tsallake inda bai yi mata daɗi ba.

Haba Maiturare! Tun ranar da muka dawo, kika sauka a Kongolam bakin iyaka, kika ƙi biyo ni Daura, kika hau motar Zango zuwa gidan ƙaninki Yazid, tuwo ya daina yi mini daɗi. Tabarmarki na nan a naɗe. Kajinki na taruwa bakin ɗakinki da hantsi, su jira, su watse. Ni ma haka nake yi.

Wa ya kai ki Azbin? 'Ya'yan nan ne masu yi mini faɗa ta waya? Ni ne! Ranar da likita ya ce hasken idonki tafiya yake, ba kuma zai dawo ba, kowa cewa ya yi ki zauna a ɗaki. Ni kaɗai na rantse sai kin ga duwatsun da nake ba ki labari tun kina amarya, sai kin ga barewa tana gudu a dajin Allah. Aka ce na haukace. Muka tafi.

Kin manta? Damagaram, Agadas, sannan duwatsu baƙaƙe suka taso gabanmu kamar hadarin gabas da ya ƙi zuba. Kin manta lambunan Timiya, dabino a sama, rumman a ƙasa, ruwa na gangarowa daga dutse? Kika tara hannu, kika wanke fuska, kika yi dariyar da rabona da jin ta tun kafin furfura. Kika riƙe hannuna a gaban mutane, ke mai kunyar nan! Wayyo, da can muka juyo!

Sai safiyar nan. Buzun da ke mana jagora ya nuna gefen dutse, ya ce ga bareyi can suna kiwo. Kika miƙe tsaye, kika kare ido da tafin hannu, kika ce kin gan su, kina ta godiya ga Allah. Ni kuwa da na bi ayarin raƙuma ta hanyar nan ina saurayi, na ga wutsiya a ɗage, na hango yarinyar da ke kora su da sanda. Na ce awaki ne. Fuskarki ta mutu kamar fitilar da aka hure, kuma har muka iso iyaka ba ki sake ce mini uffan ba.

Yanzu Yazid na yawo da ni wai ba ni da tausayi. Yazid, da ni na koya masa hawan jaki! Ni na ƙarar da bareyin Azbin? Masu farauta da mota da bindiga suka share su, suka bar mana duwatsu tsirara. Kowa na yabon jagoran wai mutumin kirki ne. To, awaki ne, Maiturare. Ko gaban alƙali haka zan faɗa.

Ki saurare ni, farin watana. Duhun nan yana zuwa, ba mai tare shi. Idan ya iso, kowa zai riƙa yi miki irin ta jagoran nan. Za a ce zanenki fes yake alhali da miya a jiki, a ce jikanki ya yi ƙiba alhali ya rame, duk don tausayi. Wa za ki tambaya ki yarda? Ina so in zama idonki, kuma idon da ya yi miki ƙarya sau ɗaya, me za ki yi da shi?

Na sha rantsuwa ƙafata ba za ta taka zauren Yazid da sunan biko ba. Zan yi kaffara. Ranar Juma'a, in Allah ya kai mu, ina tafe bayan masallaci. Zan tuɓe takalmi, in durƙusa gaban yaron nan, ya faɗi duk abin da ke bakinsa in haɗiye. Ke dai ki ɗaure kayanki. In kin ƙi fitowa, Juma'a ta sama ma ina nan tafe, da wadda ke bin ta.

Naki tun ƙuruciya, naki har ranar da za a ɗauke ni a makara,

Kalilu, Daura.