Tsere a Hanyar Pleasant Garden

Greensboro,
4 ga Afrilu, 1981.

Zuwa ga matata Ruƙayya,

Gaisuwa mai yawa tare da so da bege. Ina fata kina lafiya, ke da Bebi, kuma ƙafar Goggo ta yi sauƙi. Ni dai lafiyata ƙalau, ba abin da ke damuna sai kewarku.

Wasiƙarki ta iso, na kuma ga tsiyar da kika yi mini a kan hoton motata, wai na sayo mai ƙofa biyu kamar gwauro. Haba Ruƙayya! Trans Am ake ce mata fa. Ta hannu na saya, amma silindarta takwas, in na tayar da ita da safe har tagogin gida sai sun yi rawa. Na liƙa mata tutar Nijeriya a gilashin baya, duk garin nan an san ta Lauwali ce.

Uwaisu, ɗan Zariyan nan da ya riga ni zuwa karatu, shi Datsun yake ja. Ba irin tasin da kika sani ba, wata ce mai dogon hanci, 280ZX. Tun da na sayi tawa ba mu da hira sai ta mota, ko an idar da Juma'a takalma na hannunmu muna musu. Wai tawa saniya ce, sai ƙiba da ruri da shan mai, in ta zo kwana sai ta riƙa layi. Tasa kuwa silinda shida ce amma ba nauyi, giya biyar ta hannu, tana manne wa titi. Na ce masa a miƙaƙƙiyar hanya ko hayaƙina ba zai shaƙa ba. Mun sa Asabar ta sama mu yi tsere don a raba gardama, a wata hanyar ƙauye da ke kudu da gari.

Yanzu ga albishir. Kin san tsofaffin da nake haya a gidansu, Baba Walta da Mama Odesa, baƙaƙen fata ne 'yan uwanmu. Na sha yawo ina neman inda za a karɓi ɗalibi mai mata da jaririya, kowa sai ya rufe ƙofa. To Mama Odesa ta ce babban ɗakin sama namu ne. Har labule ta ɗinka, ta kuma ƙwace hoton Bebi ta liƙa a firij ɗinta. Sai ki fara ɗaure kaya.

Baba Walta ne dai ba ya jin daɗi, ciwon zuciya. Duk da haka jiya sai da ya sa aka fito masa da kujera tsakar gida, yana nuna mini da sanda yadda zan gyara kafireto. Ki sa shi a addu'a.

Ki gaida Goggo, ki sumbaci Bebi.

Naki har kullum,
Lauwali.

Greensboro,
16 ga Afrilu, 1981.

Ruƙayya,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, ke da Bebi da Goggo, ina roƙonki ki karanta wannan ke kaɗai. Kuma ki dakata da ɗaure kayan tukuna.

Baba Walta ya rasu ranar Talatar da ta bi bayan waccan wasiƙa. Su a nan ba sa binnewa a ranar, sai aka sa jana'iza Asabar, ranar da ni da Uwaisu muka tsayar don tseren. Mama Odesa ta hawo sama da kanta, tana dafa bango, ta ce tunda Allah bai ba su ɗa ba, tana so in zauna kusa da ita a mota. Ruƙayya, kin san abin da na ce wa matar nan? Na sunkuyar da kai na ce addinina bai yarda ba. Ban tambayi Malam Surajo limaminmu ba, ban tambayi kowa ba. Gudu kawai nake kada Uwaisu ya ce na tsorata. Ta dafa kafaɗata ta ce ta gane, kada in saɓa wa Ubangijina saboda ita. Har abinci ta rufe mini kafin ta fita.

Ni a zatona cikin gari za a binne shi. Ashe shi ɗan wani ƙauye ne, Pleasant Garden, can maƙabartar iyayensa take, kuma hanyar da muka zaɓa ke nan.

Da hantsi muka tashi. A farko na bar Uwaisu a baya, wallahi har waƙa nake yi. Da muka shiga kwanoni sai maganarsa ta fito, motata ta riƙa jan jiki waje, tayoyi na kuka, shi kuwa ya zame ya wuce ni kamar kifi. Raina ya ɓaci, na ciji leɓe ina jiran hanya ta miƙe. Tana miƙewa sai na ga jerin motoci a gabanmu suna rarrafe, motocin da ke tahowa kuma duk sun sauka gefen titi sun tsaya. Nan take Uwaisu ya taka burki, shi ma ya sauka gefe.

Ni wawa sai na ce Datsun ta sallama. Ga ɗaya hannun titin fayau ba kowa, sai ka ce don ni aka share. Na karkata sitiyari na take totur har ƙasa, na ɗora hannu a kan hon ina dariya. Na ga wani manomi tsaye kusa da motarsa ya cire hula ya dafa ƙirji, na ɗaga masa hannu! Na ga fitilun jerin motocin a kunne da rana tsaka, ban kawo komai a raina ba. Sai da na jera da wata doguwar baƙar mota na ga fuskar Mama Odesa a taga, tana kallona. Gabanta kuwa motar gawa ce. A gudun da nake ba halin tsayawa, haka na wuce Baba Walta da rurin injin da shi ya gyara mini.

Al'adarsu ce ashe. In za a kai gawa ana kunna fitilu, duk wanda ya gamu da su sai ya tsaya har su wuce, ko bai san mamacin ba. Uwaisu ya san haka, ya fito daga motarsa ya tsaya. Amma ba zan fake da rashin sani ba. Mu ma a gida in an ɗauko gawa ko mai talla sauke farantinsa yake yi, Goggo ta koya mini wannan tun ban iya ɗaure wando ba.

Tun ranar a ɗakin Uwaisu nake kwana a ƙasa. Bai zage ni ba, bai kuma sake ambaton mota ba, da ma dukana ya yi. Kunya ta hana ni ko bi ta layin gidan. Ɗakin nan da kika ƙwallafa rai a kansa, ina jin na watsar mana da shi, kuma ban san inda zan saka ku ba.

Ki yafe mini.

Mijinki,
Lauwali.

Greensboro,
3 ga Mayu, 1981.

Zuwa ga Ruƙayya, uwar Bebi,

Ina gaishe ki da kyau, ina tambayar lafiyarku baki ɗaya. Allah ya sa waccan wasiƙa ba ta hana ki barci ba, ko da yake na san ta hana.

Lahadin da ta wuce Uwaisu ya tasa ni gaba har tashar bas, ya ce in je in ji hukuncina da kunnena. Na shiga ta ƙofar kicin kamar ɓarawo. Ashe akwai baƙi a falo, fasto da ƙanen Baba Walta, wani dogo mai suna Mista Liroyi. Shi ne ke magana da Mama Odesa. Ya ce kowa ya ga jar motar da tutar da ke bayanta, ta ɗan hayar gidan nan ce, kuma in har Mama Odesa tana mutunta yayansa, kayan yaron nan su kwana a titi. Ina tsaye jikin firij ina ji, kuma wallahi ban ga laifinsa ba.

Sai na ji Mama Odesa ta ce ba ni ba ne. Ta ce a kwance ta bar ni ranar, zazzaɓi ya rufe ni, shi ya sa ban zo ba, motata ma a tsakar gida ta bar ta, a nan ta dawo ta tarar da ita. Irin motar nan ta cika gari, in ji ta. Mista Liroyi ya matsa, ta ce ko yana nufin ita maƙaryaciya ce a gaban fasto? Sai ya bar maganar. Matar da in mai kanti ya yi mata rarar canji sai ta hau bas ta mayar masa, ita ce ta shirga wannan saboda ni.

Da suka tafi ta shigo kicin ta same ni. Na durƙusa a gabanta. Ba ta ce in tashi ba. Ta kunna famfo tana wanke kofuna, ta ba ni baya, ta ce ta gan ni sarai, ta ga hannuna a kan hon, ta ga haƙorana a waje. Ta ce ba gudun ne ya fi yi mata ciwo ba, sunan Allah da na ara na rufe mata baki da shi. Ba don ni ta yi abin da ta yi ba, in ji ta, don jaririyar da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba, da uwarta da za ta baro ƙasarsu ta tarar da titi.

Na ce to bari in je cocin nasu in tsaya gaban kowa in faɗi gaskiya, a zage ni in huta. A nan ne ta juyo. Ta ce ban isa ba. In na yi haka, na sauke kayana ne na ɗora mata, ta zama maƙaryaciya a idon mutanen da take zama benci ɗaya da su tun tana budurwa. Ita za ta riƙe nata, ni ma in riƙe nawa, kada ta ji na gaya wa kowa. Mota kuma kada ta sake ganinta a layin nan.

Motar tana bayan gidan su Uwaisu a rufe da tamfol, na ba shi makullin ya nemo mai saye daga nesa. Na dawo gida. Kullum da yamma Mama Odesa tana zuba mini abinci, in zauna a gabanta in ci. Jiya Mista Liroyi ya tare ni a ƙofa ya ba ni hannu, ya nemi gafara don ya zarge ni, ya tambaye ni ya jiki. Ruƙayya, na ce masa da sauƙi.

Ki ci gaba da ɗaure kaya, ɗaki yana nan. In kin zo, ki durƙusa har ƙasa ki gaishe ta kamar yadda kike gaida Goggo. Amma kada ki yi mata godiya a kan wannan, don ba ta san na gaya miki ba.

Ki gaida mutanen gida. Allah ya kawo ku lafiya.

Mijinki,
Lauwali.